Cigiyar da Ba Ta Haye Dutsen Liji Ba

Aikina a wani gidan rediyo a Gombe shi ne karanta cigiya. Akwai masu labarai, akwai masu shirin siyasa da suke cika baki wai gari ba ya motsi sai ya ji su, ni kuwa nawa shi ne akuya ta ɓata a unguwar Pantami, wani ya manta takardun makarantarsa a cikin keke, wata ta sauka daga mota ta bar ƙullin kayanta. Abokan aiki suna kirana uwar ɓatattu. Ban taɓa jin haushi ba, domin na san duk gidan babu shirin da ake kasa wa kunne kamar nawa. Wanda bai yi asarar komai ba ma yana saurara, ko don ya ji tunkiyar wa ta gudu. Ina karantawa da Hausa in maimaita da Fulatanci, da hantsi da kuma bayan la'asar.

Tasharmu ta 'yan kasuwa ce, ƙarama, mai ita wani attajiri ne da ya yi suna a cinikin hatsi da taki. A farkon zuwana muryarmu tana tafiya nesa. Ana kiranmu a waya daga Kwadon, daga Dadin Kowa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Mai gidan rediyon yana son wannan magana kamar ransa. In masu talla suka zo sai ya ware hannuwa ya ce har inda mota ba ta shiga mu muna shiga. Ni ma haka na ɗauka, cewa murya in ta fita ta fita ke nan, sai inda ta gaji ta tsaya.

Ashe ita ma murya gona gare ta, da iyaka a kowane ɓangare. Lasisin da hukuma ta ba mu ya faɗi lambar da za mu zauna a kai, ya faɗi ƙarfin na'urar da za mu watsa shiri da shi, ya faɗi tsawon ƙarfen eriya. Abin da aka yanka mana na cikin gari ne da kewayensa. Amma duk sanda mai gidan ya ji an buɗe sabuwar tasha sai ya sa injiniya ya ɗan ƙara, yau kaɗan gobe kaɗan, har muka wayi gari muna noma a gonar wasu. Wata tasha a jihar maƙwabta, wadda lambarta take dab da tamu, ta kai ƙara cewa a wasu garuruwanta in mutane suka kama ta sai su ji wata mata tana cigiyar akuya. Ni ce matar.

Jami'an hukuma suka zo da na'urorinsu. Mutane ne masu ladabi, sun sha ruwa, sun yi salla tare da mazan ofis, sannan suka tsaya a kan injiniya har ya mayar da na'urar inda takarda ta ce. Suka bar mana gargaɗi cewa lasisinmu ya kusa ƙarewa, kuma in aka sake kama mu ko da sau ɗaya, kada mu wahalar da kanmu wajen neman sabuntawa. Suka ce suna da masu saurare, kuma ba za su gaya mana ranar da za su saurara ba.

Duk wanda ya san Gombe ya san a kwari take, kamar tuwo a gindin kwano. In ka nufi gabas, Dutsen Liji yana nan tsaye a gabanka. Injiniya ya yi mana bayani cewa irin zangonmu na FM ba ya lanƙwasa, a miƙe yake tafiya, in ya tarar da dutse sai ya raunana, kuma ƙarfin nan da muke ƙarawa shi ne yake sa saura ya zuba a bayan dutsen. Daga wannan mako wayoyin gabas suka ɗauke ɗif. Na lura da haka, har na mayar da shi abin dariya, na ce awakin Kwadon sun shiryu sun daina yawo. Aka yi dariya, kowa ya koma kan aikinsa.

A lokacin mahaifiyata tana zaune a wurina a Pantami. Inna muke ce mata. Bafulatanar daji ce, ta yi ƙuruciyarta a ruga can bayan Kwadon, ta yi tallan nono har ƙafafunta suka haddace hanyoyin yankin. Bayan rasuwar mahaifinmu shanu suka watse a rabon gado, sai yayana, wanda nake ce wa Hamma, ya ɗauko ta ya kai ta gidansa a unguwar Federal Low-Cost. Ba ta iya zaman can ba. Ta ce gidan da maƙwabciya ba ta leƙowa ta katanga ba gida ba ne, asibiti ne. Sai ta dawo wurina, inda hayaniya ta ishi kowa har da saura.

Da tsufa ya zo, ta kai ya kama ta. Da farko sunayen mutane ne suka riƙa zubewa, sannan Hausar da ta koya a kasuwa ta bi su, ta koma Fulatanci zalla kamar ba ta taɓa shiga gari ba. Wata rana ta gane ni, wata rana ta gaishe ni da girmamawa ta tambaye ni ko 'yar gidan wa ce. Abu ɗaya ne bai taɓa barin ta ba. Da hantsi ya yi sai ta ƙulle 'yan tsummokaranta a ɗankwali ta ce za ta koma gida, an bar shanu ba tatsa. Mukan ce ta bari a sauke abinci, ko ta jira hadari ya wuce, sai ta zauna ta manta. Wani lokaci in rarrashe ta, wani lokaci in ɗaga murya, domin ni ba mai dogon haƙuri ba ce, kowa ya shaida.

Ranar da ta fita damina ce, gero ya kai gwiwa. Ina wurin aiki, maigidana yana kasuwa, matan gidan da muke haya tare sun shiga maƙwabta taron suna, kowace tana zaton ɗaya ta tsaya. Da na dawo da azahar na tarar da tabarmarta a shimfiɗe, butarta a cike, takalmanta babu. Na bi lungu-lungu ina tambaya, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Mai shago ya ce ya ga wucewarta, ya zaci aikenta aka yi. Na tsaya ina kallonsa, na ce wa yake aiken tsohuwar da ba ta san sunan jikokinta ba? Ya sunkuyar da kai, ni ma na san ba laifinsa ba ne.

Kafin la'asar Hamma ya zo da motarsa. Muka je wurin 'yan sanda, muka zaga asibitoci, muka leƙa masallatai. Shi ya ɗora hotonta a waya, nan da nan ya bazu. Mutanen Kano suka yi mata addu'a, mutanen Abuja suka yi, har da wani abokinsa da ke ƙasar waje ya aiko da hannuwa biyu a ɗage. Na gode musu har zuciyata, amma babu ko ɗaya a cikinsu da yake zaune a hanyar da Inna za ta bi.

Washegari manajanmu ya ce in zauna a gida, wata za ta karanta. Na ƙi. Na ce shekara da shekaru ina karanta na mutane, in tawa ta zo sai a miƙa wa wadda ba ta iya Fulatanci ba, ta yi ta tuntuɓe a kai? Na shiga ɗakin watsa shiri, na rufe ƙofa, fitila ta yi ja, na fara.

"Ana cigiyar wata dattijuwa, fara, doguwa, mai shasshawa a gefen baki, sanye da shuɗin zane. Ba ta jin Hausa. In an tambaye ta za ta ce gida za ta."

A ranar na gane yadda kalmomin cigiya suke da rowa. Matar da ta haife ka ta goya ka, sai ka ƙare ta a layi uku. Hausar na iya karantawa lafiya. Da na zo Fulatancin, harshen da ta yi mini wasa da shi, muryata ta karye, amma na ci gaba. Bayanta akwai cigiyar wani baƙin rago, shi ma na karanta.

Garin Gombe ya ji, kuma garin ya tashi, wannan ba zan manta da shi ba. Waya ta riƙa ƙara ba hutawa. Mutane suka shiga kawo mana tsofaffi har ƙofar gidan rediyo. Duk tsohuwar da aka gani ita kaɗai a bakin titi sai a ɗora ta a keke a kawo mini. Wata an ɗauko ta ne tana hutawa a ƙofar gidan ɗanta, ta iso tana zage-zage, ta ce ita ba ta ɓata ba, mu ne muka ɓata. Na ba ta haƙuri, na sa aka mayar da ita. Duk wadda aka kawo sai na fito da gudu, tun daga nesa in ga ba tafiyar Inna ba ce, amma sai na ƙarasa na duba fuskar.

Sai wani mai keke, magidanci, ya zo ya ce shi ya ɗauke ta. Ta tsayar da shi a bakin filin wasa na Pantami, ba ta faɗin komai sai Kwadon, shi kuma ya kai ta tashar motocin gabas, bai karɓi komai ba don ya ga tsohuwa ce. A tasha 'yan kamasho suka tuna da ita. Sun sa ta a bayan wata a-kori-kura tare da mata masu komawa daga kasuwa, su ma don neman lada. Direban ya ce ya sauke mutane da yawa a hanya, kafin Kwadon da bayanta, bai riƙe inda ta sauka ba. Kowa ya yi mata alheri, kuma alherin kowa ya ƙara nisanta ta da ni. Yanzu dai na tabbata tana bayan dutsen, inda muryata ba ta zuwa.

Na wuce ofishin manaja ko sallama ban yi daidai ba. Na ce masa ba na neman komai sai 'yan mintocin cigiya. A ɗaga na'urar yadda take da, in karanta, a sauke. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Hajiya, wallahi da mahaifiyata ce, amsar nan zan bayar," ya ce. "In suka ji mu, sun rufe gidan nan. Ki dubi mutanen da suke ci a nan."

"Wa zai ji? Suna zaune da kunne a jikin rediyo dare da rana ne?"

"Ban sani ba. Abin da ya sa ba zan iya ba ke nan."

Na faɗa masa maganganu, wasu ma ba su kamata ba, ya bar ni na gama. Na fita na sami injiniya a ɗakin na'ura. Na tambaye shi ko abin yana da wuya. Ya ce ba shi da wata wuya, murɗawa ce kawai da danna wasu 'yan maɓallai. Da ya ce mini sai an sayo wani abu daga Legas, da na fi samun sauƙi. Na tsaya ina kallon akwatin ƙarfen yana huci, ga hannuna, ga shi, kuma na san in na matsa masa ya yi, shi ne zai fara rasa aikinsa. Ya ce in mai gidan rediyon ya ba da umarni, ko yanzu. Na je gidan mai gida. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni mota da direba da lasifika, ya ce in riƙe su har sai an gan ta. Komai ya ba ni ban da abin da na je nema.

A hanyar dawowa na yi ta tsine wa hukuma a zuciyata, na ce mutanen da suke zaune a ofis da sanyin na'ura su ja layi a takarda, ina ruwansu da tsohuwar wani. Ban kai gida ba wani tunani ya zo ya lalata mini fushin. Waccan tashar da ta kai mu ƙara, ita ma tana da mai karanta cigiya. Su ma suna da tsofaffi masu fita. Wa ya san sau nawa muryata ta hau kan tata, ina neman akuya ita tana neman mutum? Na so in sami wanda zan ɗora wa laifi in huta, na duba ko'ina ban samu ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Sauran gidajen rediyo na gari sun yi mana zumunci. Duk inda na kai sanarwar sun karɓa sun karanta, har da wadda ake cewa tana haye dutsen. Na ɗora raina a kan wannan, sai da muka fita da kanmu na ga yadda abin yake.

Muka kama hanyar gabas ni da Hamma, rediyon motar a kunne a kan lambarmu. An naɗi muryata ana maimaitawa, don haka ina zaune ina jin kaina ina cigiyar Inna. A cikin gari muryar tana fita tar. Da muka fara zagaya dutsen sai ta soma rawa, kalma ta zo kalma ta ɓace, na ji "dattijuwa", na ji "shuɗin", sannan sai shuuu kamar ana soya abu a mai. Hamma ya kai hannu zai kashe, na ce ya bari. Haka muka shiga Kwadon da wannan ƙarar a cikin mota.

A kasuwar Kwadon rediyo ba ta yi kaɗan ba. Kusan kowace rumfa akwai ɗaya a rataye, irin ƙananan nan masu fitila da wurin sa memori. Amma abin da yake fita a cikinsu wa'azi ne da waƙoƙi da karatu, duk daga memori. Na tambayi wani mai albasa ko yana jin gidajen rediyon Gombe. Ya ce da akwai wadda suke ji, ta masu cigiya da gaishe-gaishe, da ta ɗauke sai kowa ya sayi memori. Sauran tashoshin, in ji shi, Turancinsu ya yi yawa, kuma mutum ba ya sanin lokacin abin da yake so. Mutanen nan a kan lambarmu suka ajiye rediyonsu shekara da shekaru, da muka tafi ba su koma wurin wani ba, rediyon suka bari gaba ɗaya.

Muka je inda rugarmu take a da. Masara ce ko'ina, ko tsamiyar da nake tunawa an sare. Masu gonar ba su ga kowa ba. Muka ɗaura lasifika a kan mota muna bin ƙauyukan bakin titi, ina magana har maƙogwarona ya bushe. Lasifika kuwa iyakarta inda ido yake gani. Yara su biyo mu, mata su leƙo, dattawa su ce Allah ya bayyana ta. Hanyoyin da suka bar titi suka shiga daji ba su ƙirguwa, ruwa ya cinye rabinsu, mota ba ta shiga. In muka zaɓi ɗaya mun bar goma. Kowace yamma muna juyowa ina kallon waɗanda muka bari ina cewa wataƙila waccan ce.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Da safe in karanta, da rana mu fita, in dawo in sake karantawa ga mutanen da sun riga sun haddace kamannin Inna kuma ba sa inda take. Wayoyi suka ragu, aka daina kawo tsofaffi. An ga baƙin ragon nan, mai shi ya zo har ofis yana godiya da goro, na karɓa na ce Allah ya tsare gaba. In hadari ya haɗu ta gabas sai in tsaya a tsakar gida ina kallonsa, ina tunanin zane ɗaya ne a jikinta. Abinci ya daina shiga. Maigidana ya daina ce mini in ci, sai dai ya ajiye kwanon kusa da ni ya fita.

Wanda ya kira a ƙarshe wani mai kayan gwari ne. Ya shigo Gombe da kaya, ya hau keke, rediyon keken a kunne, ya ji ni. Ya ce tun kwanaki ya ji ana zancen wata tsohuwar Bafulatana da wasu manoma suka tsinta a wani ɗan ƙauye arewa da titi, bayan an haye rafi. Bai gan ta da idonsa ba, amma ya san gidan. Na ce ya tsaya inda yake kada ya motsa. Muka ɗauke shi a bakin kasuwa da buhunansa da komai.

Mun bar motar a bakin rafi muka ƙarasa da ƙafa. Ƙauyen bai wuce 'yan gidaje ba. Da muka doshi gidan, maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofa, da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna gona. Hamma ya rage tafiya. Ni ma na gani, amma ƙafafuna ba su yarda ba, suka ci gaba. Jauron ƙauyen, wato mai unguwarsu, ya taso ya tare mu, ya ji daga inda muke, ya kama hannun Hamma da hannu biyu. Ya ce jiya da asuba tsohuwar ta cika. Zazzaɓi ne ya kama ta tun daga dukan ruwan da ta sha kafin su same ta, sun sayo mata magani, ya sauka ya dawo. Sun yi mata sutura, sun sallace ta, sun kai ta. Ya ce ya sa an yi shela a masallacin Juma'a, ya aika rugagen da ke kusa, babu wanda ya san ta, domin waɗanda suka san ta duk sun tashi ko sun rasu.

Maza suka tafi da Hamma su nuna masa kabarin. Ni aka shigar da ni cikin gida wurin matar da ta yi jinyarta, wata mai matsakaicin shekaru da goyo a baya. Na yi sallama, na durƙusa, na fara yi mata godiya da ɗan abin da ya rage na muryata. Ban kai ƙarshe ba na ga ta tsaya tana kallon bakina.

"Baiwar Allah, sake magana," ta ce.

Na sake.

"Ke ce mai cigiya. Ke ce ta rediyo." Ta dafa ƙirji. "Ashe kuna nan?"

Na ce muna nan.

Ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce tun washegarin ranar da suka tsinci tsohuwar ta ce wa maigidanta ya hau babur ya je Gombe, ya kai wa matar nan mai cigiya, ta faɗa ko 'yan uwanta za su ji. Ta ce ita ba ta san kowa a birni ba sai ni. Maigidan ya yarda, ya sa riga, ya fito da babur har ƙofar gida. Sai mazan da ke zaune a waje suka ce ina za shi, ai gidan rediyon nan ya mutu tuntuni, ba ga shi an daina jin su ba? Wani ya ce shi ya ji an rufe, wani ya ce an sayar. Ta ɗauko rediyonta ta kunna a gabansu, aka ji shuuu, sai maigidan ya mayar da babur ɗin ciki ya tafi gona.

Da a ce maigidan nata ya zo, da mai gadi ya nuna masa ƙofata, ya zauna a kujerar da kowa yake zama, in ɗauki biro in ce masa, yaya kamanninta?

Na tambaye ta yadda Inna take a ranar da ya fasa tafiyar. Ta ce ranar da sauƙi sosai, zazzaɓin bai riga ya kwantar da ita ba. Ta zauna a inuwa ta taya ta tsinkar rama, ta yi wa jaririn wasa, ta sha fura har ta nemi ƙari. Da yamma ta ƙulle ɗankwalinta ta ce za ta tafi, ɗiyarta tana jiran ta.